Cokali da Roba: Yadda Ciyar da Masu Gigin Tsufa Ya Zama Abin Koyarwa

Ranar 26 ga Nuwamba 1901, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt da ke Jamus, likita Alois Alzheimer ya buɗe fayil ɗin wata mata mai shekara 51 da aka kwantar kwana ɗaya kafin nan. Sunanta Auguste Deter. Cikin abubuwan da ya rubuta a ranar har da abincin rana. An kawo mata farin kabeji da naman alade. Da aka tambaye ta me take ci, sai ta ce alayyafo. Tana cikin tauna naman aka sake tambayarta, ta ce dankali. Fayil ɗin ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 1995 aka gano shi a ma'ajiyar asibitin. Auguste ta rasu a Afrilu 1906, bayan ta daɗe a kwance har gyambon kwanciya ya ci jikinta.

Duniya ta riƙe sunan likitan da abin da ya gani a ƙwaƙwalwarta bayan rasuwarta. Farantin abincin kuwa, an ɗauki kusan shekara casa'in kafin masu bincike su koma kansa da gaske.

Bahaushe yana kiran abin gigin tsufa, kamar wani hali ne da shekaru ke kawowa. Likitoci suna kiransa dimenshiya, kuma a wurinsu cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai iri-iri, wadda cutar Alzheimer ta fi yawa a cikinsu, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutane sun fi saninta da mantuwa. Masu jinya kuwa sun san cewa wurin da ta fi ba da wahala shi ne gaban kwano.

Cin abinci aiki ne mai gaɓoɓi da yawa, lafiya ce ke ɓoye su. Sai ido ya gane cewa abin da ke gabansa abinci ne. Sai hannu ya tuna yadda ake riƙe cokali, da inda za a kai shi. Sai hankali ya tsaya wuri ɗaya na minti ashirin ko talatin. Sannan baki ya tauna, harshe ya tura loma baya, maƙogwaro ya rufe hanyar iska a daidai lokacin da lomar ke wucewa. Cutar tana kwance waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Tsoho zai zauna yana kallon shinkafa da yunwa a cikinsa, bai san ta inda zai fara ba. Wata za ta tara abinci a kumatu ta manta da haɗiyewa. Wani zai tashi bayan loma uku saboda an buɗe ƙofa. A ƙarshen cutar haɗiyar kanta ke lalacewa, ruwa ya riƙa sarƙe mutum yana gangarawa huhu, ciwon huhu ya biyo baya.

Sana'ar lissafi

Sana'ar masana abinci na asibiti ta tashi ne a kan ma'auni. An kafa ƙungiyarsu ta Amurka a 1917 a birnin Cleveland, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ciyar da sojoji da tattalin abinci suka zama batun ƙasa. Ta Birtaniya ta biyo baya a 1936. Zamanin gano bitamin ne da auna kalori, kuma kafin a samu insulin a farkon shekarun 1920 kusan babu wani maganin ciwon sukari da ya wuce tsara abinci. Saboda haka aka horar da masanin abinci ya lissafa: giram nawa na furotin, gishiri nawa, sukari nawa. Ya rubuta, kicin ya dafa, a ɗora a tire a tura ɗakin marasa lafiya. Daga nan aikinsa ya ƙare. Kai lomar baki aikin ma'aikatan jinya ne, su ma suka miƙa shi ga mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Wannan rabon aiki yana tafiya daidai muddin majinyacin ya san yana jin yunwa kuma yana iya ɗaga hannu. Ga mai gigin tsufa, lissafin yana iya cika a takarda alhali tiren ya koma kicin yadda ya zo.

Abin da aka ƙera domin jarirai

A Yuni 1979, a wannan birni na Cleveland, likitan tiyatar yara Michael Gauderer da abokin aikinsa Jeffrey Ponsky suka gwada wata sabuwar dabara a kan jariri ɗan wata huɗu da rabi wanda ba ya iya haɗiya. Kafin lokacin, sanya robar abinci kai tsaye cikin tumbi yana bukatar a tsaga ciki, a kuma sa mutum barci mai nauyi. Su kuwa sai suka zura na'urar leƙa ciki mai fitila ta baki, hasken ya nuna musu wurin da tumbi ya manne da fatar ciki, suka huda ɗan ƙaramin rami suka jawo robar. Suka buga sakamakon a 1980. Dabarar, wadda aka fi sani da PEG, ta ceci yara masu yawa da manya masu cutar daji ta maƙogwaro da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta hana haɗiya na ɗan lokaci.

Sauƙinta ne ya kai ta inda ba domin can aka yi ta ba. Aikin ƙasa da awa ɗaya ne, tsoho mai rauni ma yana iya jure shi. Cikin shekaru goma zuwa ashirin ta cika gidajen kula da tsofaffi na Amurka. Wani bincike da Susan Mitchell da abokan aikinta suka buga a 2003, bisa bayanan 1999, ya nuna cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na mazauna waɗannan gidaje masu tsananin gigin tsufa da roba ake ciyar da su.

Ba mugunta ce ta kawo hakan ba, kuma ba jahilci zalla ba ne. Hujjar tana da ƙarfi a ido: wanda ba ya ci zai rame, wanda ya rame gyambonsa ba zai warke ba, wanda abinci ke sarƙewa gara a kauce wa bakinsa. 'Ya'ya kuma, idan likita ya tambaye su ko a sa roba ko a bari, abin da suke ji shi ne ko a ciyar da mahaifiyarsu ko a bar ta da yunwa. Ba a samun ɗa nagari da zai zaɓi na biyu. Ga kuma doka da kuɗi. Bayan dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987, ramewar mazauni ta zama abin da masu duba gidajen ke tuhuma a kai, roba kuwa shaida ce a rubuce cewa an yi wani abu. A jihohi da dama tsarin inshorar Medicaid yana biyan gida kuɗi mafi yawa a kan mai roba, alhali rataya jakar abinci ba ya cin lokacin ma'aikaci kamar zama da cokali. Duk abin da ke tura mutum ya yanke shawara yana tura shi gefe ɗaya.

A 1999 likita Thomas Finucane na Jami'ar Johns Hopkins, tare da Colleen Christmas da Kathy Travis, suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Suka tattara duk binciken da aka buga a kan batun, suka nemi shaidar cewa roba tana tsawaita rai, ko tana hana ciwon huhu, ko tana warkar da gyambo, ko tana rage wahala ga masu tsananin gigin tsufa. Ba su samu ba, kuma suka faɗi haka a mujallar JAMA. Shekara ɗaya bayan nan Muriel Gillick ta yi irin wannan kira a mujallar New England Journal of Medicine. Dalilan ba su da wuyar fahimta. Roba ba ta hana mutum sarƙewa da yawunsa, kuma abin da aka zuba a tumbi yana iya tasowa ya shiga huhu. Wanda bai san abin da ke manne a cikinsa ba zai yi ta fizgarsa, sai a ɗaure masa hannu ko a ba shi maganin kwantar da jiki, ya ƙara daɗewa a kwance. Sannan ya rasa ɗanɗano, ya rasa mutumin da ke zama kusa da shi sau uku a rana.

Sai dai akwai iyakar da ya kamata a kiyaye. Ba a taɓa yin gwajin da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, domin abu ne mai wuyar halattawa. Abin da ake da shi kwatanci ne tsakanin waɗanda aka sa wa da waɗanda ba a sa wa ba. Kuma maganar ta shafi ƙarshen cutar ne kawai. Mai gigin tsufa na farko-farko da wata rashin lafiya ta daban ta hana shi haɗiya na mako biyu, hukuncinsa daban ne.

A 2009 Mitchell ta buga wani binciken da ya bi mutum 323 masu tsananin cutar a gidaje 22 na kewayen Boston tsawon wata 18. Fiye da rabi sun rasu a cikin wannan lokaci, kuma kusan kashi 86 cikin ɗari sun samu matsalar cin abinci. Ma'anar ita ce daina ci wani sashe ne na cutar kanta idan ta zo ƙarshe. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fito fili a 2013 ta ce kada a ba da shawarar roba ga irin waɗannan majinyata, a ciyar da su da hannu cikin natsuwa. Ƙungiyar Turai ta masana abincin asibiti, ESPEN, ta bi sahu a ƙa'idojinta na 2015.

Waɗanda suka zauna suka kalla

Cewa a ciyar da hannu abu ne mai sauƙi a takarda. Wa ya san yadda ake yi? Ilimin ya fito ne daga mutanen da suka ja kujera suka zauna a ɗakin cin abinci suna kallo, yawancinsu kuma daga fannin jinya suke.

Jeanie Kayser-Jones ta Jami'ar California da ke San Francisco ma'aikaciyar jinya ce mai ilimin nazarin al'ummomi. A shekarun 1990 ita da ɗalibanta sun shafe lokaci mai tsawo suna lura da lokutan cin abinci a gidajen tsofaffi. Abin da suka rubuta ba shi da daɗin karantawa: ma'aikaci ɗaya da bakuna da yawa, ana ɗura loma kafin a haɗiye ta baya, ana cakuɗa abinci iri-iri wuri ɗaya don a gama da wuri, ana ciyar da mutum yana kishingiɗe a gado, ana ɗauke tire a rubuta cewa ya ƙi ci. Da yawa daga cikin masu matsalar haɗiya ba a ma gano suna da ita ba. A Edinburgh ta Birtaniya kuwa, Roger Watson ya fitar da wani gajeren ma'auni a 1994 wanda ake kira EdFED. Yana sa mai jinya ya lura da abubuwa ƙanana: ko mutum yana kawar da kai, ko yana ƙin buɗe baki, ko yana tofarwa, ko yana barin abinci ya zubo, ko yana ƙin haɗiyewa. Amfaninsa shi ne ya farfasa kalmar "ya ƙi ci" zuwa halaye daban-daban, kowanne da abin da ke jawo shi. Mai kawar da kai wataƙila an zo masa ta inda ba ya gani ne. Mai tofarwa wataƙila haƙorinsa ke ciwo, ko bakinsa ya bushe saboda magani.

A wannan zamani ne kuma Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya yaɗa ra'ayin cewa wani kaso na lalacewar da ake gani a jikin mai gigin tsufa ba daga ƙwaƙwalwa yake ba, daga yadda ake mu'amala da shi ne: a yi magana a kansa yana zaune, a yi masa abin da zai iya yi da kansa, a yi masa gaggawa. Littafinsa na 1997 bai keɓanta da abinci ba, amma babu wurin da maganarsa ta fi bayyana kamar teburin cin abinci, inda ake ɗaura wa dattijo ƙyalle a wuya a tsaya a kansa da cokali.

Daga waɗannan ayyuka aka tara abin da yau ake koyarwa. Mai ciyarwa ya zauna, idonsa daidai da na tsohon, ta gefen da ya fi gani. A zaunar da shi tsaye sosai, kuma kada a kwantar da shi nan da nan bayan ya gama. A kashe talabijin. A ajiye abinci iri ɗaya a gabansa maimakon tire mai kwanuka biyar. Idan hannu ya manta cokali, a ba shi abin da ake ɗauka da yatsu, domin mai yawo da ba ya iya zama yana iya ci yana tafiya. Idan ya kasa farawa, mai ciyarwa ya sa hannunsa ƙarƙashin hannun tsohon su ɗaga tare, sau da yawa jiki yana tuna abin da hankali ya manta, sai ya ci gaba da kansa. A jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin loma ta gaba. A duba kumatu bayan an gama. Kuma a ba da abinci mafi nauyi a lokacin da mutum ya fi wartsakewa, wanda ga da yawa safiya ce.

Wasu dabarun sun yi suna fiye da ƙarfin hujjarsu. A 2004 masu bincike na Jami'ar Boston suka ba da rahoton cewa masu cutar Alzheimer sun ci ƙarin kashi 25 cikin ɗari na abinci, sun sha ƙarin kashi 84 na abin sha, da aka sauya musu fararen kwanuka da jajaye masu haske. Kasuwar jan faranti ta buɗe. Amma mutum tara ne aka gwada, kuma shuɗi mai haske ma ya yi irin wannan aiki. Abin da ke taimakawa shi ne bambancin launi tsakanin abinci da mazubinsa, domin idon mai cutar yana kasa raba farar shinkafa da farin faranti. Haka ma kauraran abin sha. An daɗe ana kaurara ruwa da garin sitaci don kada ya sarƙe mutum, har wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, IDDSI, ta tsara matakan kauri daga 0 zuwa 7. Sai dai wani babban gwaji na mutum 515 da aka buga a 2008 bai nuna a fili cewa kaurin yana rage ciwon huhu ba, kuma ƙishirwa ta fi kama masu shansa, saboda ba kowa ke son ruwa mai kama da koko ba. A Birtaniya an ƙaddamar da tsarin keɓe lokacin cin abinci a asibitoci a 2004, inda ake dakatar da zagayen likitoci da ɗibar jini har a gama ci. Tunani ne mai kyau, amma wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka buga a 2017 bai ga ƙarin ci na a-zo-a-gani ba. Hana katsalandan ba ya ƙara hannuwan da za su ciyar.

Inda masanin abinci ya shigo

Sana'ar ta fara sauyawa ne ta wurin sassauta dokokinta. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ɗauki matsayin cewa a rage tsananta abincin tsofaffin da ke gidajen kulawa. Hana gishiri da sukari ga mai shekara tamanin da biyar da ke ramewa, don gudun cutar da za ta zo bayan shekara goma, ba shi da ma'ana. Wannan sauyi ya fi girma fiye da yadda yake a ido, domin ya nuna cewa abincin da aka ci ya fi wanda aka lissafa daidai aka bari.

Mataki na gaba shi ne fitar da masanin daga ofis. A Kanada, Heather Keller ta Jami'ar Waterloo, wadda ita kanta masaniyar abinci ce, ta jagoranci binciken mazauna 639 a gidaje 32 na larduna huɗu. Ta raba matsalar gida uku: ingancin abincin, iya kai shi baki, da yanayin zaman cin. Horon gargajiya ya ƙware a na farko ne kaɗai. Sabon horon yana neman ɗalibi ya zauna a ɗakin cin abinci daga farko har ƙarshe, ya ga abin da ya koma kicin, ya gane bambancin ƙin ci da kasa ci, ya yi aiki da mai duba haɗiya da likitan haƙori, ya koyar da mataimaka. Mafi wuya, ya iya zama da iyali ya bayyana musu cewa ciyarwa don jin daɗi kawai, wato a ba mutum abin da yake so gwargwadon yadda ya karɓa a tsaya idan ya ƙi, kulawa ce cikakkiya. An ba wannan tsari suna a rubuce a 2010 domin likita ya iya rubuta shi a matsayin umarni, kada takarda ta nuna kamar an daina komai.

Wurin da duk wannan ke cijewa shi ne agogo. Sandra Simmons da John Schnelle sun auna a 2001 cewa ciyar da mazauni ɗaya yadda ya kamata yana cin kimanin minti 38 a kowane abinci, alhali abin da yake samu a zahiri kimanin minti 9 ne. Amsar gwamnatin Amurka a 2003 ita ce ta halatta ɗaukar mataimakan ciyarwa masu horon awa takwas. Tun Janairu 2024 kuwa, sai mai digiri na biyu ne zai zauna jarrabawar zama masanin abinci mai rajista a ƙasar. Doka ta yarda gida ya riƙe masanin a matsayin mai ba da shawara da ke leƙowa lokaci-lokaci. Mai ilimi mai zurfi yana zuwa ya duba fayil, mai awa takwas yana riƙe da cokali.

Duk da haka adadin ya motsa. Cikin masu tsananin gigin tsufa da suka kai matakin sai an ciyar da su, waɗanda aka sa wa roba a cikin shekara ɗaya sun ragu daga kashi 11.7 cikin ɗari a 2000 zuwa 5.7 a 2014. Tsakanin baƙaƙen fata an sauko ne daga sama da kashi 37 zuwa sama da kashi 17, har yanzu ninki biyar na farare. Masu nazari suna danganta wannan da talaucin gidajen da suke zaune, da kuma tsohon rashin yarda da asibiti, wanda ke sa iyali su ji kalmar "a bari" da wata ma'ana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke da cutar, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, inda gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa. A ƙasar Hausa ɗakin tsohuwa yana cikin gida, mai ciyar da ita 'yarta ce ko matar ɗanta ko jika. Wasu abubuwan da Turawa suka sha wahalar ganowa suna nan tun asali: ci da hannu, ci cikin mutane, kunu da fura masu kauri, tuwo mai laushi da miya mai yauƙi. Abin da ba a cika samu ba shi ne wanda zai gaya wa matar ɗan cewa surukarta ba ƙin abincinta take yi ba, cewa kada a ɗura mata kunu da ludayi tana kwance, cewa tarin da take yi bayan kowace kurɓa alama ce da za a kai wa likita. Masanan abinci na asibitocin koyarwa suna ganin irin wannan tsohuwa ne idan an riga an kwantar da ita, galibi da roba a hanci, kuma ranar sallama ce kaɗai damarsu ta zama da wadda za ta ci gaba da ciyar da ita a gida.